Man Kwakwa da Maganin Likita

A kasuwar Talata Mafara, haka ma a Bakura da Maradun, akan ga man kwakwa a 'yan kwalabe, wasu kuwa sun ɗauka cewa cokali guda da safe yana ƙara wa kafson kashe ƙwayoyin cuta ƙarfi. Haƙiƙa akwai sinadari a cikinsa wanda ke kashe wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, amma babu hujja tabbatacciya cewa yana yin haka a jikin ɗan Adam, alhali yawan shansa kan haddasa gudawa.

Babbar illar ita ce majinyaci ya ji sauƙi bayan kwana biyu, ya jingina waraka ga man, ya watsar da sauran maganin da likita ya ƙayyade masa. Ta haka ƙwayoyin cuta ke samun juriya ga magani, al'amarin da Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kansa tun 1945. Saboda haka wajibi ne a cika adadin magani, a kuma sanar da likita duk abin da ake haɗawa da shi, domin riƙo da sababi bisa ilimi ba ya kore tawakkali.