Muryar Ƙirji Da Muryar Ka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Shehun Borno ranar hawan Sallah ya san yadda algaita kan keta rugugin ganguna ta isa kunnen wanda ke can ƙarshen taro. Ba ƙarfi ta fi ganga ba, siranta ta fi ta. Wannan dabara ce mawaƙan da suka riƙe a maƙogwaronsu, ita ce kuma wasu samarin Maiduguri ke gudu, wai kada a ce suna muryar mata.

To, namiji murya biyu gare shi. Idan yana zance, tantani biyun da ke maƙogwaronsa sukan yi kauri, su kaɗa kamar sau 120 cikin daƙiƙa guda, har ya ji amon a ƙirjinsa. Idan ya haura sama kuwa, sai tantanin su miƙe su sirance, kaɗawar ta ninka, amon ya koma kamar daga ka yake fita. Tsakanin biyun akwai wani ɗan mashigi inda murya kan karye. Nan ake gane gwani, domin shi yakan wuce ba a ji tuntuɓe ba. Wanda bai iya ba sai ya ja muryar ƙirji da ƙarfin tsiya zuwa sama, jijiyoyin wuya su tashi, kafin a watse daga biki ya dishe. In ya dawwama a haka, ƙulli na iya fito masa a tantanin, abincinsa ya tafi.

Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kakkaurar murya ya yi suna da ita, ba kuwa mai musun gwanintarsa. Amma a saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Bakura, wanda ya rasu a 1991, a ji yadda muryarsa kan hau bisa kotso da 'yan amshi ta zauna daram. Wa ya taɓa ce masa mace? Ladanan Yerwa ma, kafin zuwan lasifika, da siririyar murya suke tashin unguwa da asuba.

Tun da Auto-Tune ta fito a 1997, ɗakunan ɗaukar waƙa sun sami mai gyara karkatacciyar murya. Sai dai na'urar ba ta koya wa maƙogwaro haurawa, kuma ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar biki a Hausari ko Gwange, mawaƙi da maƙogwaronsa kaɗai za a bari.