Manhajar da malamin Getso zai iya buɗewa

Wani ɗan ajinmu ya shafe hutun nan yana haɗa manhajar koya wa yara karatu. Ranar da ya nuna mana, kowa sai "wallahi ka yi ƙoƙari". Ni kuma tambaya ɗaya na yi masa: wane malami ka nuna wa? Shiru.

Ba hassada nake masa ba. Ni ɗan Gwarzo ne, na san ajin da yake magana a kai: yara cike har bakin ƙofa, malami ɗaya, alli ya ƙare. Yaro ya kai aji huɗu bai iya haɗa "b" da "a" ya ce "ba" ba. Wannan yaron ba shi da waya. In akwai waya a ajin, ta malam ce, sau da yawa ma ƙarama ce mai madannai, kuma sai an kai ta shagon caji an biya. To manhajar da ke cin data kamar gara, wa za ta amfana a Getso ko Garo?

uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019 ta yi suna, haka Nigeria Learning Passport da UNICEF da gwamnatin tarayya suka ƙaddamar a 2022. Amma sai mai babbar waya ke morar su sosai. Abin da ya fi burge ni shi ne shirin KaLMA da aka gwada a Dawakin Tofa da Wudil. Dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya aka aro ta: a gwada kowane yaro, a raba su gwargwadon abin da suka iya. Masu harafi gefe, masu kalma gefe, masu jimla gefe. Malami ne ke yin aikin duka.

Nan ne abokina zai shiga, in zai ji shawarata. Ya yi abin da zai taimaki malam ya gwada yara cikin 'yan mintoci, ya kuma tura masa darasin gobe ta gajeren saƙo ko murya, ba sai da intanet ba. Da Hausa kuma, Hausar da ta san ƙ da ɗ da ɓ. Na duba manhajarsa, "ƙafa" da "kafa" duk rubutu ɗaya ne. Haba!

Tun watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi, don haka ƙofa a buɗe take. Amma kafin ya fara neman ganin kwamishina ko yaɗa hotuna a Facebook, na ce ya shiga motar Kabo, ya zauna a bayan aji ɗaya na sati guda, ya bar laftof ɗinsa a gida. Ya ce bayan jarrabawa. Na yi masa alkawarin kuɗin motar zuwa.