A Haɗa Ɗakin Gwaji da Maginan Tukwane

A watan Agusta na 2024 ambaliya ta mamaye garin Gummi, shekara guda bayan haka kuma kwalara ta ɓarke a ƙauyukan Bukkuyum. Sanin kowa ne duk inda ruwan gulbi ya kwarara cikin rijiya, amai da gudawa na biye da shi. Alhali kuwa kayan tace wannan ruwa suna nan jibge: yumɓu a fadama, ɓuntu a bakin injin casar shinkafa.

A 1981 wani masani ɗan ƙasar Guwatamala, Fernando Mazariegos, ya ƙera tukunyar tace ruwa da yumɓu da garin katako. Wurin gashi sai garin ya ƙone, ya bar ƙananan kafofi da ruwa ke bi, laka da yawancin ƙwayoyin cuta su maƙale. Ɓuntu ma yana yin wannan aiki. Sai dai in kafofin sun yi faɗi cuta ta wuce, in sun matse ruwa ya koma ɗigo. Don haka masana suke gina matacin hawa uku: gindi mai kauri da manyan kafofi, tsakiya matsakaiciya, sa'an nan siririn shafe mai matsattsun kafofi a sama.

Tsadarsa daga wuta take, domin akan gasa kowane hawa daban. In aka gasa su gaba ɗaya an rage makamashi da lokaci, amma yumɓun da bai tsuke daidai da ɗan'uwansa ba sai ya tsage. To, wa ya fi maginiyar randa sanin halin yumɓu a wuta? Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Usmanu Ɗanfodiyo su ɗauki wannan bincike tare da magina, su auna ƙasar yankin, su gwada ruwan da ya fito.

Amma kada a yaudari jama'a. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, akasari ta hanyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ta narke a ruwa ta fi ƙarfin waɗannan kafofi, kuma yumɓun da aka haƙa kusa da wurin niƙa na iya zama guba shi kansa. Matacin rigakafin gudawa ne kawai.

Malaman kimiyya na sakandare suna iya farawa da ɗalibansu tun wannan zango: faifan yumɓu uku, ɓuntu mudu daban-daban, a gasa, a auna wanne ya fi saurin ɗiga, wanne ya fi fid da ruwa garau.