Kwamfutar da Ke Mutuwa Cikin Barci

Masu karatu, a wannan wata za mu duba wata damuwa da ke samun masu kwamfutar tebur, watau irin mai akwati dabam da allo dabam, wadda ake girkewa a ɗaki ko a ofishin makaranta. Mutum ya yi aiki har dare, ya sa ta barci domin gobe ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da safe ya motsa linzami, shiru. Sai ya danna makunni, ta tashi daga farko kamar ba a taɓa buɗe kome ba. In makin jarrabawar yara ake cikin shigarwa, ko lissafin kuɗin gida, ba a kuwa adana ba, to, sai a sake zama. Da yawa daga nan sukan ɗauki akwatin su nufi kasuwa, a ce musu babban allon ciki ya lalace, su biya kuɗi mai yawa. Mu dai shawararmu ita ce a dakata tukuna.

Sai mu fara sanin abin da ake nufi da barcin kwamfuta. Duk aikin da ke buɗe yana zaune ne cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira ram. Ita kuwa ba ta riƙe kome sai da wuta. Sa'ad da aka sa kwamfuta barci, fanka takan tsaya, allo ya yi duhu, amma akwatin wuta na ciki, watau fawa-fak, yakan ci gaba da aika 'yar wuta mai bolt 5, da ita ake raya ƙwaƙwalwar. Kamar yadda uwargida ke rufe garwashi da toka da dare domin ta hura da safe, haka abin yake. In garwashin ya mutu, sai a nemi ashana. In 'yar wutar nan ta yanke, abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ya tafi. Kwamfutar cinya tana da batir a jikinta, shi ya sa ba ta cika yin haka ba. Ta tebur ba ta da madogara sai bango.

Saboda haka tambaya ta fari ita ce, an ɗauke wuta da dare? A garuruwanmu wannan ba abin mamaki ba ne. Ko an tada janareta nan da nan, ɗan lokacin da aka ɗauka ana sauya layi ya isa. Yawancin kwamfutoci kuma an saita su kada su kunna kansu bayan wuta ta dawo, don haka da safe sai a tarar da fitilar ɗaki na ci, kwamfuta a kashe, a ɗora mata laifi. A duba fulogi da soket kuma, musamman dogayen soket masu araha da bakinsu kan saki.

Wani zai ce, ai ni ina da yu-fi-es. Madalla, amma shekarunsa nawa? Batirin da ke cikinsa yakan yi shekara 3 zuwa 5, zafi irin namu kuwa yana rage masa kwana. Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. Waɗansu yu-fi-es an yi su ne su kashe kansu bayan 'yan mintoci in suna kan batir kuma suka ga ba abin da ke jan wuta. Kwamfuta mai barci wat kaɗan take ja, har na'urar ta ɗauka ba a jona mata kome ba, ta yi tafiyarta. Takardar da ta zo da na'urar za ta nuna ko tana da wannan hali.

Bayan wannan, sai a yi gwaji da rana, lokacin da wuta ta zauna. A adana aiki, a sa ta barci, a zauna kusa da agogo a hannu, ana kallon 'yar fitilar makunni, gama a yawancin akwatuna takan riƙa ƙiftawa muddin barci ake yi. Abin lura shi ne lokacin da ta mutu, domin lokacin ne ke nuna mai laifi.

In kullum bayan lokaci guda ne fitilar ke mutuwa, to, wataƙila ba mutuwa ta yi ba. Windows tana da wani barci mai nauyi, wanda aka rubuta Hibernate, inda takan kwashe aikin ta zuba cikin faifan ajiya, sa'an nan ta kashe kanta ɗungum. Alamarsa ita ce in an danna makunni aikin yakan dawo yadda aka bar shi. Wannan ba cuta ba ce, saiti ne. Ana samunsa cikin Power Options, a ƙarƙashin Sleep, kowa na iya tsawaita lokacin.

In aikin bai dawo ba, sai a tambayi kwamfutar da kanta, gama tana da rajista kamar ta makaranta. A buɗe Event Viewer, a shiga Windows Logs, sa'an nan System, a duba lambobin daren. Lamba 42 tana nufin ta shiga barci. Lamba 1074 tana nufin wani mutum ko wata manhaja ce ta umarce ta ta kashe ko ta sake tashi, za a ma ga sunan manhajar. Sau da yawa sabuntawar Windows ce ta tashe ta cikin dare. Lamba 41 kuwa, da abokiyarta 6008, suna nufin ta tafi ba sallama. Amma fa a kula, 41 ba ta faɗin dalili. Mun san masu gyara da kan nuna wa mutum wannan lamba su ce ga shaidar allo ya ƙone. Ba haka ba ne.

To, in wuta ta zauna, ga kuma lamba 41, wanda muka fi zargi shi ne fawa-fak. Sashen da ke ba da bolt 5 ɗin nan ba ya hutawa dare da rana muddin fulogi na bango, ko an kashe kwamfutar. Zafi da ƙurar hunturu sukan gajiyar da kafasitocinsa, har a kai ga kwamfuta tana aiki lafiya da rana amma ta kasa riƙe barci. Mai gyara na gari zai sa mita a kan waya mai launin shunayya cikin babban fulogi mai baki 24. Ya kamata ya ga tsakanin 4.75 da 5.25. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a ari fawa-fak mai lafiya a gwada kwana biyu kafin a sayi sabo. Muna roƙonku kada kowa ya kwance murfin fawa-fak a gida, balle yara masu son ganin ciki. Kafasitocinsa na iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare fulogi.

Akwai kuma wadda takan yi barcinta lafiya, sai wajen tashi ta faɗi: fanka ta juya, allo bai kawo ba, ta sake farawa. Nan galibi laifin ƙananan manhajojin nan ne da ake kira direba, musamman na hoton allo, sai a sabunta su daga wurin kamfanin da ya ƙera. In hakan bai yi ba, a zare fulogi, a cire sandunan ram, a hure ƙura, a mayar da su har su yi ƙas. In kuma agogonta na ɓata duk lokacin da aka zare fulogi, a canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032.

Ga wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, akwai saitin da muke so ƙwarai. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, an sa barci mai haɗe biyu, sunansa Hybrid Sleep, domin kwamfutocin tebur. Takan rubuta aikin a faifai, sa'an nan ta yi barci mai sauƙi. In wuta ta zauna, ta tashi nan take; in an ɗauke, ta ɗauko daga faifai. Yana nan a ƙarƙashin Sleep, sai dai ba kowace kwamfuta ke nuna shi ba, ba ya kuma aiki in an kashe Hibernate. Bayan an kunna shi, a gwada: a adana aiki, a bar takarda ɗaya a buɗe, a sa barci, a jira fanka ta tsaya, a kashe soket na minti ɗaya, a kunna, a danna makunni. In takardar ta dawo, saitin ya kama.