Sana'ar gado jari ce, kada mu sayar da ita a ɗanye

Jama'a, musamman iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa na Alhasan Mairairai da Mayahi da Tasawa, yau muna so mu tattauna a kan wata dukiya da ke hannunmu, wadda muke yi wa riƙon sakainar kashi. Wannan dukiya ita ce sana'o'in da muka gada daga iyaye da kakanni, irin su kiwon jar akuya da jima da dukanci da kilishi da matsar man gyaɗa. Ra'ayinmu shi ne, talaucin da ke addabar ƙauyukanmu yana da nasaba da yadda muke fitar da kayanmu a ɗanye, wasu su sarrafa su kwashe ribar.

A ɗauki jar akuyar Maraɗi. Tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da fatarta, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Darajarta ce ta sa aka kafa mata cibiyar kiwo ta musamman a Maraɗi a 1963. Amma yau ina labari? Mace ta yi shekara tana wahalar dusa da ruwa, ran kasuwa a sayi akuyar a loda ta a mota zuwa Najeriya, fata kuma a bi ta da gishiri a kai Kano, can a jeme ta a tura ƙasashen waje. Masana'antar jima ta SONITAN da ke Maraɗi ta daɗe da rufewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023, kowa ya ga yadda mai kaya ɗanye ke rasa yadda zai yi da su, dole ya karyar da farashi.

Akwai wata al'umma a Amurka da labarinta zai amfane mu, ana kiransu Cokto. Suna cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. A 1830 aka tilasta musu sa hannu a yarjejeniyar barin ƙasarsu, aka kora mafi yawansu zuwa yankin da ya zama jihar Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka rage a jihar Misisipi sun fi shekara ɗari cikin matsanancin talauci, suna yi wa wasu ƙodago a gonaki. A 1979 suka zaɓi Phillip Martin ya shugabance su, kuma a wannan shekarar suka buɗe masana'antarsu ta farko, inda suke haɗa wayoyin lantarkin mota wa kamfanin General Motors. Kafin ya sauka a 2007, al'ummar ta shiga sahun manyan masu ba da aikin yi a jihar baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, masana'antun mallakar al'umma ne, kuma ribar tana komawa ga makarantu da asibiti da kula da tsofaffi. Sa'annan kuɗi bai sa sun yar da gadonsu ba. Kowace shekara suna yin babban bikin al'ada, suna raye-rayensu da wasan ƙwallon sanda na kakanninsu, matansu suna saƙa kwanduna suna sayarwa, ana kuma koya wa yara harshensu. A 1990 Amurka ta yi dokar da ta hana kowa sayar da kayan hannu da sunan ƴan asalin ƙasar idan ba su suka yi ba. Wato sunan kansa ya zama dukiya mai kariya.

Wani zai ce ai su suna da ƙasa da gwamnatin ƙabila da doka ta amince da ita, kuma kaso babba na kuɗinsu daga gidajen caca yake fitowa, waɗanda na Misisipi suka fara buɗewa a 1994. Gaskiya ne, kuma caca haramun ce, babu mai kiranmu zuwa gare ta. Amma sun yi shekara goma sha biyar suna gina masana'antu kafin cacar ta zo. Darasin da ya shafe mu shi ne haɗa hannu, da tsare suna, da mayar da riba gida.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara bisa adashin da mata suka saba yi. Yau ana koyi da wannan asusu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Idan matanmu sun iya koya wa duniya tara kuɗi, me zai hana asusu biyar ko goma na ƙauyuka maƙwabta su haɗu su sayi injin matsar gyaɗa ɗaya? Maimakon a sayar da gyaɗa da arha lokacin kaka, a matse mai a zuba a kwalba mai tsabta da sunan gari, ƙuliƙuli ya tafi wajen masu kilishi, harawa ta tafi wajen awaki.

Haka ma kilishi. Sunan kilishin Tasawa ya kai ko'ina, kuma hukumar OAPI da ke Yawunde ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista don kare sunansu. Sai dai takarda ba ta kare mai ha'inci. Duk mahaucin da ya shanya nama cikin ƙuda da ƙura, ko mai mai da ta gauraya shi da wani abu, sun cuci duk masu sana'ar, domin baƙon da aka cuta ba ya tuna sunan mutum, sunan garin yake tunawa. Ya kamata sarakunan pawa da shugabannin mata su tsawata a kan wannan, magadan gari kuma su tanadi ruwa da rumfuna masu tsabta da kuɗin harajin da ake karɓa a kasuwa.

Babban abin da ke damunmu shi ne raina sana'ar gado. Ɗan majemi yana jin kunyar a kira shi majemi, ɗan baduku ya gwammace ya tafi Libiya ko haƙar zinari a Jado, wasu su dawo hannu rabbana, wasu ko gawarsu ba a gani. Idan tsofaffin da suka san sirrin jima suka ƙare ba su koya wa kowa ba, babu kuɗin da zai dawo da wannan ilimi. A sa yaro makaranta ya iya lissafi da rubutu, a kuma zaunar da shi gaban ubansa ya koyi aikin hannu, domin shi ne gobe zai riƙe littafin ƙungiya, ya tallata kayan ta wayar salula.

Muna kira ga kowace ƙungiyar asusu da ta sa wannan magana cikin zamanta na mako mai zuwa, a duba wane kaya ake fitarwa a ɗanye daga garinsu, da abin da za a iya sarrafawa a gida kafin kaka ta zagayo. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.