Kafin ki miƙa wa yaro almakashi da tsohuwar kwat ɗin babansa

Uwargida, idan ɗanki ko 'yarki da ke sakandare ya zo yana roƙon tsohuwar kwat ɗin babansa da mataccen agogon da ke cikin durowa, kada ki ɗauka ya fara taɓuwa. Wani salon ado ne ya gani a TikTok ko Instagram, wanda Turawa ke kira sitimfank. Mu sai mu ce adon zamanin tururi.

Wani marubucin Amurka, K. W. Jeter, shi ya laƙaba sunan a 1987, yana nufin labaran ƙirƙira da ake ginawa a kan zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da injin tururi ke jan jirgin ƙasa da na ruwa. Daga littafi abin ya koma sutura: falmaran, kwat mai maɓallan tagulla, tabarau irin na masu walda, sarƙar agogon aljihu, sai 'yan haƙoran cikin agogo da ake ɗinkawa a ƙirji ko a hula. Launin kuwa baƙi ne da ruwan ƙasa.

Ni dai a ganina ki bar shi ya yi. Ai sabunta tsohon kaya ba baƙonmu ba ne. Zanen uwa ya zama rigar 'ya, rigar wa ta koma ta ƙane, ba a sallamar ƙyalle sai ya zama tsumma. Kuma ɗan Agege yana da gado a zamanin tururi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma layin da ya ratsa Agege ne ya yi ta kai goro Arewa yana sauko da shanu, da yawan kakanninmu ma ta nan suka zo. Keken ɗinki na ƙafa da dutsen guga na gawayi duk 'yan wancan zamani ne. Saboda haka ba dole sai yaro ya fito kamar Baturen Landan ba. Falmaran a kan kaftani, da sarƙar agogo, da hular zanna, ya fi dacewa da shi, kuma zai iya gaida manya a haka ba a bi shi da kallo ba.

Aikin ba wuya. A farke hannayen kwat da reza, a kai wa telan unguwa ya kalmashe bakin, ta zama falmaran. Babbar rigar da jikinta ya mutu amma aikin wuyanta na nan daram, a yanke aikin a ɗora a bayan falmaran ɗin. (A nemi izinin maigida tukuna, kada ado ya koma shari'a.) Tsohon bel ko jakar fata su ba da maɗauri. Farar shet ta auduga, in aka jiƙa ta a ruwan shayi mai kauri, za ta yi launin tsohuwar takarda. Yadin roba kam ba ya kamawa. Abin da babu a gida, Katangowa na nan kusa a Abule Egba.

To, a nan ne nawa ya shigo. Kayan gwanjo, komai ƙamshin da suka zo da shi, ba a sa su sai an wanke. Ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata na bin tufafi. Ƙwayar ƙazuwa tana mutuwa a zafin da ya kai digiri 50 na minti 10, don haka a jiƙa a ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge har cikin ɗinki. Abin da ba ya wankuwa, kamar hula ko fata, a ƙulle shi a leda aƙalla kwana 3.

Babbar damuwata kuwa agogon ce. Tsofaffin agogo masu wani su ne ke da haƙoran tagulla masu kyau. Yawancin na cikin durowarmu na batir ne, kuma wannan ɗan batir mai kama da maɓalli, ko ya daina tada agogo, bai gama mutuwa ba. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, zai iya ƙona wurin cikin awa 2. Abin tsoron shi ne yaron na iya ci gaba da wasansa, ko ya ɗan yi tari da dalalar da miyau, a ce mura ce. In kin ga batir ya ɓace kuma kina zargin an haɗiye, kada ki sa shi amai, kada ki jira dawowar maigida. Ki nufi asibitin da ke da hoton ƙirji, irin Babban Asibitin Orile Agege ko LASUTH a Ikeja, ki faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa batir ne. Idan yaron ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya, ana ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10 a kan hanya, kada a wuce sau 6. Zumar jinkirta ƙunar take yi, ba ta fitar da batir. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Maɓallai da 'yan kusoshi su ma suna shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. A yi aikin a kan faranti, a kan tebur, a share ɗaki in an gama. A ɗinka ƙarfen da zare mai ƙarfi, ban da gam, don zafin Legas na sa shi ya saki. Ƙarfe mai arha kuma yakan sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje inda ya taɓa fata, sai a sa shafi a ciki.

'Yan mata za su nuna miki wata rigar matse ciki da ake ɗaurewa da igiya ta baya. An yi ta ne don matan da ba sa gudun kama danfo. A gumin Agege ƙurajen zafi za ta jawo, ga takura numfashi. Ki ce wa tela ya yi falmaran mai igiyar ado a baya, amma ya bar wurin da tafin hannu zai shiga tsakaninta da ciki.