Dokar Gida A Wasan Mutum-Maciji

Jama'a, masu dara a Gashuwa sun san ba a sake doka bayan kowa ya dasa 'ya'yansa goma sha biyu. To, a Dungeons & Dragons, wasan Amurka na 1974, kowa kan zaɓi halittar da zai zama. A 2016 aka yarda a zama yuan-ti, watau mutum-maciji: dafi ba ya kama shi, sihiri ma da ƙyar. Masu jan wasa da dama suka hana shi, sai a 2022 aka rage masa ƙarfi.

A ganina a bar masa garkuwarsa, amma a yi sharaɗi tun kafin a zauna: in hunturu ya shigo labarin, saurinsa ya ragu da rabi, yadda sanyi ke kashe wa macizan bakin kogin Yobe jiki.